Babur mai araha: a ina aka rage kuɗin?

Wani malamin firamare ne ya aiko da tambaya. An mayar da shi wata makaranta mai nisan kilomita 18 daga gidansa, rabin hanyar kwalta, rabi burji da yashi, kuɗin mota kuma yana cinye masa albashi. Ya yi adashi ya kwashi abin da ya kwasa, ya shiga kasuwa ya tarar da babura iri-iri: ga na Indiya da kuɗinsa bai kai ba, ga 'yan Sin masu sunayen da bai taɓa ji ba waɗanda kuɗin zai isa har da canji, ga kuma wata sukuta mai ƙyalli da uwargida ta ƙyalla ido a kanta. Abin da yake son sani shi ne, waɗannan masu arahar suna da ƙarko kuwa, ko zubar da kuɗinsa zai yi?

Malam, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Na haura shekara ashirin ina kwance injin babur ina ɗaurawa, kuma abin da zan fara gaya maka zai saɓa wa abin da ka saba ji a majalisa. Mutane suna cewa injin ɗan Sin ba shi da kyau. Ni kuwa a garejina, cikin baburan da ake turo mini a mace, kaɗan ne ƙwarai waɗanda laifin na ainihin injin ne. Yawanci injin kashe shi aka yi, ba mutuwar Allah da Annabi ya yi ba. Wasu tun ranar da aka fito da su daga kwali aka fara kashe su.

Dalili kuwa shi ne, waɗannan injina ba sababbin ƙira ba ne. Kusan duk ƙaramin babur da ka gani a kasuwarmu jikan ɗayan tsofaffin baburan Japan ne. Wanda muke kira roba-roba, mai injin kwance wanda ba a matsa masa kuloci, daga Honda Super Cub ya samo asali, babur ɗin da aka fara ƙerawa a 1958, wanda zuwa 2017 kamfanin ya ƙera fiye da miliyan 100. Mai injin tsaye mai girman 125 ko 150 kuwa, galibinsu kwafin Honda CG125 ne na tsakiyar shekarun 1970. Labarin wannan injin yana da daɗi, domin saboda irinmu aka yi shi. Injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashe masu tasowa suka ga yadda ake yi da babur: a ɗora masa mutum uku da kaya, a bar baƙin mai har ya zama kamar kwalta, ba a wanke matatar iska. Sai suka koma suka zana injin da zai jure wulaƙanci, suka cire sarƙar da ke juya bawul suka sa sanduna, suka sa matatar soso da ake wankewa a mayar. Shi kuma tsohon Jincheng mai hayaƙi da ya cika titunanmu a shekarun 2000, Suzuki AX100 ne, kuma kamfanin na birnin Nanjing ya yi haɗin gwiwa da Suzuki ɗin kanta. To ka ga ƙirar ta riga ta sha gwaji shekara hamsin a kan hanyoyin da suka fi taka muni.

Haka nan kada wani ya ce maka mutanen Sin ba su iya ƙira ba. Loncin da ke Chongqing yana ƙera wa BMW injina. Haojue abokin aikin Suzuki ne. A Indiya ma TVS ne ke ƙera wa BMW ƙananan baburansa, Bajaj kuma yana yi wa KTM, kamfanin babura na Austriya. Iyawa kam sun iya. Abin da ka biya shi za su ba ka, ba ƙari ba ragi.

A nan gizo ke saƙar. Ɗan kasuwa zai tashi daga Legas ko Nnewi ko Kano ya je masana'anta a Chongqing ko Guangdong ya ce yana son kwantena kaza, a kan farashi kaza. Ba za a ce masa a'a ba. Za a zauna da shi a bi babur ɗin gaɓa-gaɓa. Kafireta akwai ta ɗaya, akwai ta biyu, akwai ta uku, wacce kake so? Sarƙa haka, taya haka, batir haka, kaurin bututun da aka yi firam da shi haka. Idan an gama a tambaye shi sunan da za a liƙa a jikin tanki. Shi ya sa za ka ga babura biyu kamar an tsaga kara, kala ɗaya, fasali ɗaya, amma ɗaya ya shekara bakwai yana aiki, ɗaya kuma damina biyu ta gama da shi. Shi ya sa kuma suna yakan fito bana ya yi tashe, baɗi ka neme shi ka rasa. Wani lokaci ma sunan ɗaya ne, amma kwantenar farko da aka shigo da ita don a kama kasuwa ba ɗaya take da ta biyar ba. Mu da muke buɗe cikinsu mun sha ganin haka.

To a ina ake rage kuɗin? Ba a cika taɓa fistin da kurankin sosai ba, domin idan injin ya buga a makon farko mai shago ne zai sha kunya. Inda ake yanka shi ne abubuwan da ba za su nuna halinsu ba sai bayan wata uku ko shida. Roba ita ce ta farko: tiyon mai, robar da ke tsakanin kafireta da inji, robobin da ke tare baƙin mai, duk rana ɗaya ta Afrilu a Sakkwato ta fi ƙarfinsu. Su bushe su tsage, babur ya fara shaƙar iska ta inda bai kamata ba, ka yi ta kai shi ana saita kafireta a banza. Sai wayarin, wayoyi sirara kamar zaren ɗinki, mahaɗansu ba su da kariya, ruwan sama ɗaya wuta ta ɗauke. Sai notuna masu laushi, waɗanda in ka ɗaure da ƙarfi su murɗe, in ka sassauta su kwance a hanya. Sai sarƙa mai miƙewa kamar danƙo, sai tayar da ke santsi a jiƙaƙƙiyar kwalta, sai shokozoba da ke zubar da mai kafin shekara, sai fenti da ke koɗewa. Hausawa suka ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne. Amma ka lura da wani abu: duk abin da na lissafa, ban da firam, abu ne da ake cirewa a sa wani da kuɗi kaɗan. Wannan shi ne sirrin zama lafiya da babur mai araha.

Firam ɗin ne kaɗai ba ya gyaruwa. Don haka in ka je shago kada ka tsaya kallon sitika. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin tanki da wuyan babur ka dubi walda. Mai kyau za ka gan ta a jere, lafiyayya, kamar ɗinkin tela gwani. Marar kyau za ka gan ta guda-guda kamar kashin kaza, da ramuka. Ka ɗaga bayan babur ɗin ka ji nauyinsa, sannan ka ɗaga na kusa da shi mai tsada. Ƙarfe ba ya ƙarya. Ka danna marfin taya da yatsa, ka kama kariyar baya ka girgiza, ka murza totur ka saki ka ga ko zai koma da kansa nan take.

Akwai kuma wata dabara da ba kowa ya sani ba. A gefen hagu na injin, can ƙasa kusa da inda ake taka giya, akwai rubutu da aka buga a jikin ƙarfen. A injinan Sin za ka ga wani abu kamar 1P52FMH ko 157FMI ko 162FMJ. Harafin ƙarshe shi ke faɗa maka girman injin: G ɗari ne, H ɗari da goma, I ɗari da ashirin da biyar, J ɗari da hamsin. Lambobi biyun da ke daf da harafin F kuma, wato 52 ko 57 ko 62, faɗin ramin fistin ne da milimita. Sau nawa mutum ya zo mini yana taƙama ya sayi 150 saboda haka aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin murfin gefe, na duƙa na karanta na ga I ce. Ba na gaya wa wasu ma, don kada na ɓata musu rana. Kai dai ka duba kafin ka biya, kuma ka tabbata lambar inji da ta firam sun yi daidai da abin da aka rubuta maka a rasit.

Yanzu bari na zo kan abin da ya fi komai muhimmanci, wanda kuma ba a maganarsa. Babur ba a haɗe yake zuwa ba. A kwali yake zuwa, tayar gaba daban, kai daban, batir daban, wani ma a warwatse gaba ɗaya. Wa ke haɗawa? In an yi sa'a, masana'antar da ke da ma'aikata da kayan awo. In ba a yi ba, yara ne a bakin shago, ana biyansu a kan kowane babur da suka tayar. Yaron da kuɗinsa ke kan yawan abin da ya haɗa kafin magariba, kana ganin zai tsaya shafa giris a wuyan babur? Ba mugunta ba ce, ni ma da haka na fara, na san yadda ake yi. Sifana biyu da sukundireba ɗaya, a ɗaure abin da ido ke gani, a zuba fetur na murfin gora, a buga kik, ya tashi, a goge shi da tsumma, shi ke nan an gama.

Na taɓa karɓar wani sabon babur da bai cika sati biyu ba, mai shi ya zo da gwiwa a ɗaure. Notin da ke riƙe da sandar birkin baya ne ya kwance ya faɗi, ya taka birki a gangara, farantin birkin ya juya ya naɗe sandar. Allah ya kiyaye ba babbar mota a bayansa. Yana ta tsine wa masu ƙirar, na ce masa tsaya. Wannan notin akwai 'yar ƙusa da ake sokawa a bayansa don kada ya kwance, ana sako ta a leda a cikin kwalin. Wanda ya haɗa ne bai sa ba. Da na bi sauran jikin babur ɗin, notunan da ke riƙe da inji biyu da hannu na kwance su, boris ɗin wuya kuwa a bushe ƙamas kamar ba a taɓa halittar giris ba.

Saboda haka, Malam, duk babur ɗin da ka saya, daga shago kada ka wuce gida a yi ta yi maka barka. Wuce wurin bakaniken da ka yarda da shi, ba wanda mai shagon ya nuna maka ba, ka ce a sake ɗaure maka shi daga farko. Ka zauna a wurin, yinin ranar ka ba shi. A bi kowane noti. A buɗe wuya da ƙafar baya da boris ɗin tayoyi a cika su da giris. A duba wayoyin taya a ɗaure waɗanda suka saki, domin su ne ke sa rim ya karkace. A saita bawul da ma'auni injin yana sanyi, ba da kunne ba. Tazarar 'yar mitsitsiya ce, wajen 0.05 na milimita a roba-roba, 0.08 a mai injin CG, kuma bakaniken da ba shi da wannan ma'auni mai kama da reza-reza, canki-canka yake yi maka. Bawul in ya matse babur zai riƙa wuyar tashi da safe, daga baya ya ƙone. A saita sarƙa ta riƙa motsi kamar faɗin yatsa biyu, kada a ja ta kamar tsirkiya, don in ka hau da nauyi za ta ƙara ɗamewa ta ci boris. A cire tiyon mai na kamfani a sa mai kauri, a sa 'yar matatar fetur a tsakani. A sa fulogi na kirki. A naɗe mahaɗan wayoyi, a ɗaure su nesa da inda firam zai goge su. In batir ɗin irin wanda ake zuba wa ruwa ne, a bar shi ya huta bayan an zuba, a yi masa caji kafin a ɗora, don yawancin batiran da ke mutuwa a wata uku tun ranar farko aka cuce su. Sannan a zubar da man da ya zo a cikin injin. Ban yarda da shi ba ko kaɗan, ban san wane iri ba ne, ban san tun yaushe yake ciki ba.

Duk wannan aikin da kayansa ba zai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin babur ɗin ba. Shi ya sa nake ce wa mutane kada su ƙarar da kuɗinsu kaf a shago. In abin da ke hannunka ya kai kuɗin babur cif-cif, to bai kai ba tukuna.

Sai baƙin mai, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne ke kawo mini abinci. Mota tana ɗaukar wajen lita huɗu, tana da matatar takarda da ake canzawa. Roba-roba ba ya cika lita ɗaya, mai injin CG wajen lita ɗaya ce. Ba su da matatar takarda, sai 'yar raga da wani ɗan kwano mai juyawa da ke tare datti. Wannan ɗan man shi ke wanke fistin, shi ke jiƙa giya, a cikinsa kuloci ke iyo, shi ne kuma ke taya iska sanyaya injin, tunda ba lagireto. Ka ga aikin mutum huɗu aka ɗora wa yaro ɗaya. In ya ragu da kofi ɗaya, kashi mai yawa ne ya tafi.

Sabon inji kuma yana zubar da garin ƙarfe a kwanakin farko, na Sin mai araha ya fi zubarwa don ba a goge cikinsa sumul ba. In ka juye man farko a faranti ka kai rana za ka ga yana walƙiya. Don haka ka yi juye bayan kilomita 300 zuwa 500 na farko, ka sake a 1,000, kuma a wannan tsakanin ka lallaɓa shi: kada ka murɗe totur har ƙarshe, kada ka ɗauki buhu, kada ka yi doguwar tafiya ba hutu. Daga nan, a irin ƙurarmu, kada ka wuce 1,000 zuwa 1,500. Kai da za ka riƙa cin kilomita 36 kullum, kwana biyar a mako, ga zuwa kasuwa ga zumunci, lissafinka ya kama kusan duk wata. Ka haɗa shi da albashi kawai: ranar da albashi ya shigo, ranar juye. Ka sayi na galan ko na gora a rufe, mai kauri irin 20W-50, wanda aka rubuta na babur ne. Man awo da ake tsiyayowa daga jarka a bakin titi, wani an riga an yi aiki da shi ne aka tace. Bambancin kuɗinsu bai kai na kwanon shinkafa ba, amma shi ne bambancin injin da zai shekara shida ba a buɗe shi ba da wanda za a sa wa sabon bulok kafin Sallah ta zagayo.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. Da hunturu matatar iska takan toshe, babur ya fara shaƙewa yana shan mai. Sai wani gwani ya ce a cire soson a yar, ai ga shi nan ya buɗe yana gudu. Gudu kam zai yi, zuwa kabari. Ƙurar nan yashi ce, in ta haɗu da mai a cikin bulok ta zama abin wasa wuƙa, ta cinye zoben fistin cikin 'yan watanni, ka ga hayaƙi fari-shuɗi na bin ka. Soson wankewa ake yi da kananzir, a matse, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa ɗan baƙin mai a murza a mayar. A hanyarka ta burji, duk sati biyu da rani. Kai da kanka za ka iya, ba sai ka zo wurina ba. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuma, in dole ta sa, to ka sa ido, don ruwa da datti a ƙasan galan suke kwanciya.

Batun sukuta, a ba uwargida haƙuri. Ba wai ba ta da kyau ba ne, hanyarka ce ba tata ba. Tayarta inci 10 ko 12 ce, ta babur kuwa 17 ko 18. Ƙaramar taya ramin da babba za ta haye ita faɗawa take yi, a yashi kuma sai ta yi ta rawa. Cikinta a ƙasa yake. Ba ta da sarƙa da giya, bel ne da wasu 'yan rololi a cikin murfi, kuma ƙura da zafi su ne ajalin bel. In sarƙa ta sauka a daji, kai da dutse da sifana za ku mayar. In bel ya tsinke, sai a kori-kura. Injin nata a lulluɓe yake cikin roba, fanka ce ke hura masa iska, kafin bakanike ya kai ga fulogi ma sai ya kwance rabin jikinta, kuma duk kwancewa sai wani kunnen roba ya karye, daga nan ta fara ƙara kamar gwangwani. Dattawa za su ce maka ai Vespa sun hau shekara talatin. Gaskiya ne, amma waccan jikinta ƙarfe ne, giyarta a hannu take, ba ta da bel, ba danginsu ɗaya da ta yanzu ba sai a fasali. Ga ma'aikaciyar asibiti ko ɗalibar da ke cikin gari, daga gida zuwa aiki a kan kwalta, sukuta ta yi, ba ruwanta da kuloci, ga wurin ajiye jaka, ga zani ba ya kusantar sarƙa. Ita ma sai ta tabbata akwai mai sayar da bel ɗinta a garin.

Wannan ya kawo ni kan ma'anar ƙarko a wurinmu. Bature in ya ce babur yana da aminci, nufinsa ba ya lalacewa. Mu a nan ba haka lissafin yake ba. Babur ɗin da zai ɓaci sau huɗu a shekara, amma kowane karo a gyara shi cikin awa ɗaya a ƙarƙashin bishiyar ƙauyenku, ya fi maka wanda zai ɓaci sau ɗaya ya kwana arba'in a jingine ana jiran kaya daga Legas. Kafin ka sayi kowane iri, je tashar 'yan acaɓa ta ƙaramar hukumarku ka ƙirga abin da suke hawa. Waɗannan mutane ba sa karanta talla, da aljihunsu suke zaɓe. A shekarun 2000 AX100 suka rungume. Da Boxer na Bajaj ya zo da inji marar hayaƙi mai ƙarancin shan mai, ba wanda ya yi musu wa'azi, da kansu suka koma. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuwa, shan mai ya zama shi ne tambayar farko a bakin kowa, har masu motoci sun jingine sun nemi roba-roba. Sannan ka shiga shagon kayan gyara mafi kusa da makarantarku ka ce a ba ka zoben fistin, da faifan kuloci, da CDI, wato ɗan akwatin da ke aika wa fulogi wuta, na babur ɗin da kake shirin saya. In mai shago ya miƙo hannu ya ɗauko ba tare da ya tashi ba, alama ce mai kyau. In ya ce sai an aika Kano, ka sake tunani.

A ra'ayina, fifikon na Indiya ba wai ƙarfensu daga sama aka sauko da shi ba. Abin da suka fi shi ne daidaito. Kamfani ɗaya ne ke da sunan, shi ke da masana'antar, shi zai ji kunya, don haka wanda ka saya bana da wanda maƙwabcinka ya saya bara kusan abu ɗaya ne. Manyan kamfanonin Sin masu sayarwa da sunan kansu su ma haka suke, kuma Honda tana haɗa nata a Ota ta jihar Ogun. Marar asali kuwa caca ce. Kana iya dacewa, na ga waɗanda suka dace sosai. Akwai kuma ranar sayarwa: sananne ko ya tsufa dillali zai karɓa da gudu, musamman yanzu da sabon na Indiya ya haye naira miliyan, alhali na tuna lokacin da ake fitar da ɗan Sin dal a leda ƙasa da dubu ɗari. Wanda sunansa ya ɓace kuwa sai dai 'yan gwangwan su auna.

Za ka ce to na hannu fa? Sanannen babur na hannu mai lafiya ya fi sabo marar asali, in ka san mai shi. In ba ka sani ba, je da bakanike, kuma ku je da sassafe ku taɓa injin ku ji da sanyi, don wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Ku zaro ma'aunin mai, in kun ga mai kauri kamar zuma an zuba ne don a rufe bakin ƙara. Ku duba wuyan firam ko an taɓa yi masa walda. Wanda ya yi acaɓa shekara biyu ya yi tafiyar da kai ba za ka yi a shekara takwas ba, ko da an fesa masa sabon fenti. Takardu kuma kada ka yi wasa da su, babur ɗin sata yana yawo da yawa, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a caji ofis.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, ko wanne ka saya: in an zo canza kaya, ka yi rowa a ko'ina amma ban da birki da taya. Kayan gyara ma hawa-hawa ne, kwali iri ɗaya, ciki daban. Takalmin birki na jabu da gam kawai aka liƙa fatarsa, in ya yi zafi sai ta ɓalle ta cushe, taya ta tsaya cak kana cikin gudu. Sarƙa kuma in za ka canza, haɗa da faifanta na gaba da na baya gaba ɗaya, in ba haka ba tsohon zai cinye sabon. Hular kwano ma ka sa ta cikin lissafin kuɗin babur, ba bayan an saya ba.

Da ni ne kai, da wannan hanya taka da wannan albashi, zan fara neman ƙaramin na Indiya mai 100 ko 110, ko da zan ƙara wata biyu ina tari, ko na nemi mai lafiya a hannun wanda na sani. In hakan bai samu ba, sai ɗan Sin mai manyan tayoyi daga kamfanin da ya shekara goma sunansa bai canza ba, wanda kayansa ke rataye a shagon garinku. In kuwa kuɗin bai kai ko nan ba sai marar asalin, ba zan ce kada ka saya ba, don tafiyar ƙafa ba ta fi shi ba. Ka zaɓi mai injin da lambarsa ta nuna irin na kowa ne, FMH ko FMI, yadda kayan wasu za su shige shi. Ka duba waldar da idonka. Ka riƙe kason nan na goma a aljihu, kuma ka sa a cikin ciniki cewa ledar ƙananan notuna da ƙusoshin da ta zo a kwalin a ba ka ita a hannu, ko da yaran sun ce ba abin da ya rage a ciki.